Shin Maiƙon Jini Garkuwa Ne Ga Zuciyar Da Baƙin Ciki Ya Kayar?

Ran nan da la'asar sakaliya muna zaune a gindin darbejiyar nan ta bakin ɗakin cin abinci, sai wani abokinmu ya zaro wayarsa yana murna, ya ce mu zo mu ga abin da likitocin Amurka suka gano da kansu. Wai ashe kolestarol ɗin nan da ake ta razana jama'a da shi, watau maiƙon da ke yawo cikin jini, shi ne ke ceton ran mai ciwon zuciya idan an kwantar da shi asibiti. Ya ce shi kam da zarar an ba da hutu zai tafi gida ya gaya wa Hajiyarsa ta huta da haɗiyar ƙwayar nan da aka ɗora ta a kai yau shekara 3, ta koma ga man shanunta da ɓargonta. Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa dariyar ba ta zauna mini ba, domin na san binciken da yake nufi lalle akwai shi, na kuma san Hajiya za ta ji maganar ɗanta, tun da shi ne ɗan jami'a a gidan. Dalilin da ya sa ke nan na roƙi fili a wannan mujalla tamu.

Sai mu fara da ciwon kansa, gama ba kowane ciwon zuciya binciken ya shafa ba. A shekarar 1990 wani likita mutumin Japan mai suna Hikaru Sato, tare da abokan aikinsa a birnin Hiroshima, suka ba da labarin wasu marasa lafiya waɗanda suka zo da dukkan alamun toshewar jijiyar zuciya: ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi, da canji a awon lantarkin zuciya. Amma da aka ɗauki hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya jini, sai aka tarar a buɗe suke. Tsokar zuciyar ce ta gaza. Babban ɗakin hagu, wanda ke tura jini zuwa sauran jiki, gindinsa ya saki ya buɗe kamar an hura shi, wuyansa kaɗai ke matsawa. Siffar ta yi kama da wani tulu da masuntan Japan ke jefawa cikin teku don kama wata dabba mai hannuwa 8, wanda suke kira takotsubo, sai aka laƙaba wa ciwon sunan tulun. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tulun ruwa irin namu, mai faɗin ciki da matsattsen wuya, ya riga ya ga hoton wannan zuciya.

Abin da ke kayar da ita kuwa shi ne firgita, ko baƙin ciki mai tsanani, ko wata wahala da ta auka wa jiki farat ɗaya. A 2005 likita Ilan Wittstein da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka bayyana marasa lafiya 19, kusan dukkansu mata, waɗanda ciwon ya kama bayan wani labari ya girgiza su. Da aka auna jininsu sai aka ga adirenalin da danginsa, watau sinadaran da jiki ke saki sa'ad da mutum ya razana, sun ninka na masu toshewar jijiya mai tsanani sau 2 zuwa 3. Bayan girgizar ƙasa ta Niigata a Japan a 2004, da ta Christchurch a New Zealand a 2011, asibitocin wuraren sun ga masu wannan ciwo sun ƙaru. Har murna ma takan jawo shi, ko da yake ba safai ba: a 2016 an ƙirga mutum 20 cikin 485 waɗanda bikin aure, ko haihuwar jika, ko wani abin farin ciki ya kayar. Turawa suna ce masa ciwon karyayyar zuciya. Mu karayar zuciya wani abu ne dabam a bakinmu, amma mun daɗe muna cewa baƙin ciki ya kashe wance, ko zuciyar wane ta buga da ya ji labari, kuma ga shi ta tabbata cewa tsofaffinmu ba azancin magana kawai suke yi ba.

Da fari an ɗauka ciwo ne mai sauƙi, saboda galibi zuciyar takan koma daidai cikin 'yan makonni. Babban rahoton da ya gyara wannan zato ya fito a 2015 daga wani kundi na ƙasa da ƙasa da ake tarawa a Zurich, wanda ya ƙunshi marasa lafiya 1,750. Kashi 90 cikin 100 mata ne, matsakaicin shekarunsu kusan 67. Kashi 36 cikin 100 wahalar jiki ce ta jawo musu, kamar tiyata ko wata cuta. Kashi 28 tashin hankali ne. Wasu kashi 28 kuwa ba a ga wani dalili ba. Kusan mutum 1 cikin 10 zuciyarsa ta kasa tura jinin da zai riƙe jiki, kuma kashi 4 cikin 100 ba su fita asibitin da rai ba. Wannan bai yi nisa da abin da ake gani ga masu toshewar jijiya ba.

To, ga inda maganar abokinmu ta samo asali. A 2021 wasu masu bincike suka buga sakamakon nazarin da suka yi a wani babban kundi na Amurka, wanda ke tara bayanin kusan kashi 20 cikin 100 na dukkan waɗanda aka kwantar a asibitocin ƙasar. Suka ware masu takotsubo gida biyu, waɗanda aka rubuta suna da yawan maiƙon jini da waɗanda ba a rubuta ba, suka yi ƙoƙarin daidaita su ta wajen shekaru da jinsi da sauran cututtuka. Sai suka ga masu maiƙon jinin sun fi ƙarancin mutuwa a asibiti, sun fi saurin samun sallama, kuɗin jiyyarsu ma bai kai na sauran ba. Ban ce sun yi ƙarya ba, ban kuwa ce sun kasa lissafi ba. Su kansu ba su ce wa kowa ya je ya tara maiƙo ba. Abin da nake ja da shi shi ne fassarar da ake yi wa sakamakon a gindin darbejiya, kuma ina da hujjoji.

Hujja ta farko, wadda ta fi shafar mu da za mu ƙare a ofisoshi, ita ce masu binciken nan ba jinin kowa suka auna ba. Takarda suka karanta. Kundin da suka yi aiki da shi an gina shi ne daga takardun sallama, waɗanda asalin amfaninsu neman kuɗi ne daga kamfanonin inshora da gwamnati. Bayan an sallami mara lafiya, ko ya rasu, wani akawu ne ke ɗaukar fayil ɗinsa ya mai da abin da likita ya rubuta zuwa lambobi, kowace cuta da lambarta. Kundin ba ya ɗauke da awon kolestarol na mutum, ba ya ɗauke da sunan maganin da yake sha, ba ya kuma bin sawunsa bayan ya fita ƙofar asibiti. Saboda haka in an ce "mai yawan maiƙon jini" a wannan bincike, abin da ake nufi shi ne wanda lambar wannan cuta ta bayyana a takardarsa, ba wani abu ba.

Yanzu sai mai karatu ya tambayi kansa, wace ce lambar nan ta fi bayyana a takardarta? Ita ce dattijuwar da ta saba zuwa ganin likita tun tana da lafiya, aka auna jininta, aka gano, aka ɗora ta a kan magani. Mai yiwuwa ne ƙwarai a ranar da aka kwantar da ita maiƙon jininta ya fi na maƙwabciyarta ta gado ƙaranci, domin shekara da shekaru tana shan abin da ke rage shi. Maƙwabciyar kuwa, wadda takardarta ta nuna ba ta da komai, ta yiwu ba a taɓa auna ta ba ne tun da uwarta ta haife ta. Ashe lambar ba shaidar maiƙo ba ce kaɗai, shaida ce ta cewa mutum yana da likita, yana da halin zuwa wurinsa, yana kuma jin magana. Irin wannan mutum ko wace cuta ta kama shi yakan fi saurin isa asibiti.

Akwai kuma halin alƙalami, wanda duk ma'aikacin da ya taɓa cika fom ya sani. In mace ta zo da ciwon ƙirji, ta kwana 3 lafiya lau aka sallame ta, likita yana da sukunin rubuta duk ƙananan abubuwan da ke tare da ita: hawan jini, maiƙon jini, ciwon gwiwa. In kuwa ta zo rai a hannun Allah, aka sa mata na'urar numfashi, ƙoda ta tsaya, jini ya faɗi, to wa zai tsaya rubuta kolestarol? Manyan masifu sun cika takardar. Wannan ba zato na ba ne. Tun a 1992 Lisa Iezzoni da abokan aikinta suka nuna, daga takardun tsofaffin da aka kwantar a asibitocin Kalifoniya, cewa waɗanda aka rubuta wa ciwon suga, ko hawan jini, ko tsohuwar toshewar jijiyar zuciya, sun fi ƙarancin mutuwa a asibiti. Babu mai hankalin da zai ce ciwon suga tsari ne. Abin da ya faru shi ne ba a cika rubuta cututtukan yau da kullum a takardar wanda mutuwa ta tasar wa ba. Da abokinmu ya ci karo da wannan bincike maimakon wancan, da sai ya je ya saya wa Hajiya buhun sukari.

Kada a ce na raina kundin gaba ɗaya. Yana da abin da ya iya. A 2025 an buga wani nazari daga wannan kundi ɗin dai, na mutum kusan 200,000 masu takotsubo tsakanin 2016 da 2020, aka ga kashi 6.5 cikin 100 sun rasu a asibiti, maza kashi 11.2, mata kashi 5.5. Wannan na fi yarda da shi, domin mutuwa da jinsi ba abubuwa ne da akawu zai manta ya rubuta ba, komai yawan aikin da ke gabansa. Kowane kundi yana da tambayar da zai iya amsawa da wadda ba zai iya ba, kuma sanin bambancin shi ne rabin aikin mai bincike.

Hujja ta biyu ta jiki ce. Ciwo mai tsanani yana rage kolestarol. Wanda sankara ta ci jikinsa, ko ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ko hantarsa ta lalace, ko tsufa ya rame shi har abinci ya daina shiga, in aka auna shi za a ga maiƙon jininsa ya faɗi ƙasa. Waɗannan kuwa su ne ainihin mutanen da takotsubo ya fi kashewa, gama an san cewa wanda wahalar jiki ta jawo masa ciwon ya fi shiga hatsari bisa wanda labarin rasuwa ya kayar. Idan ramammu suka taru a gidan "marasa maiƙo", tilas gidan ya fi yawan gawa, alhali kuwa ba rashin maiƙon ne ya kashe su ba; abin da ya cinye maiƙon shi ne ya cinye su. An ga irin wannan juyin a wasu cututtuka tun da daɗewa. A farkon shekarun 2000 an lura cewa masu gazawar zuciya da ke da ƙarancin kolestarol sun fi mutuwa. Haka aka gani ga masu wankin ƙoda, har sai da wani bincike na 2004 a kan mutum 823 ya raba su gida biyu. Ga waɗanda ke da alamun ramewa da kumburin jiki, ƙarancin kolestarol ya tafi tare da mutuwa. Ga waɗanda ba su da waɗannan alamu kuwa, sai al'amarin ya koma yadda aka san shi: gwargwadon yawan maiƙo, gwargwadon hatsari.

Adalci ya wajaba in faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke riƙe da shi, don ba wawaye ba ne. A 2000 Mathias Rauchhaus da Andrew Coats da Stefan Anker suka kawo shawarar cewa ƙwayoyin da ke ɗauke da maiƙo cikin jini suna iya kama gubar da wasu ƙwayoyin cuta ke saki su rage mata ƙarfi, don haka rage su ƙwarai ga mai gazawar zuciya zai iya zama kuskure. Shawara ce mai ma'ana, kuma hanyar gwada irinta sananniya ce: a raba mutane da ƙuri'a, a ba wasu maganin rage maiƙo, a ba wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, a jira. An kuwa yi haka. A 2007 aka buga gwajin CORONA mai mutum 5,011, a 2008 aka buga na GISSI-HF a Italiya mai mutum 4,574, dukkansu masu gazawar zuciya. Maganin bai rage yawan mutuwa ba, wannan gaskiya ne, kuma masu son maganin ba su ji daɗi ba. Amma bai ƙara ta ba, ko da yake a CORONA ya zubar da mugun nau'in maiƙon, wanda ake kira LDL, da kashi 45 cikin 100. In da maiƙon garkuwa ne, da waɗanda aka ƙwace wa kusan rabin garkuwarsu sun fi zuba. Ba su fi ba.

Hujja ta uku ita ce tsawon lokaci. Binciken 2021 ya duba 'yan kwanakin da mutum ya yi a gadon asibiti ne kawai. Ɓarnar kolestarol kuwa ba ta kwanaki ba ce, ta shekaru 20 ko 30 ce, yana taruwa a bangon jijiya sannu a hankali kamar yadda laka ke cike rijiya. Shaidar wannan ba daga takardun akawu ta fito ba. Tun a 1913 Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol a Rasha ya ga jijiyoyinsu sun lalace. Nazarin garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya bi mutane tsawon rayuwarsu ya ga haka ga 'yan Adam. A 1994 wani gwaji a ƙasashen Sikandinebiya, mai mutum 4,444 da ke da ciwon jijiyar zuciya, ya nuna maganin simvastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100 cikin shekara 5 da 'yan watanni. A 2010 aka haɗa gwaje-gwaje 26 na mutum wajen 170,000, aka ga kowane ma'auni guda da aka rage na LDL yana rage toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da danginsu da kusan kashi 22 cikin 100. Wani abin sha'awa, uban waɗannan magunguna da ake kira sitatin, Akira Endo, shi ma mutumin Japan ne, ya kuwa samo na farkonsu daga fumfuna a farkon shekarun 1970. Ƙasar da ta ba ciwon suna ita ce ta ba da maganin da ake son a sa Hajiya ta bari saboda ciwon.

Mai hankali zai iya cewa, to ai takotsubo ba toshewar jijiya ba ne, ina ruwansa da maiƙo? Da gaskiyarsa ta wani fanni: sitatin ba maganin takotsubo ba ne, ba don shi ake ba da shi ba. Amma dattijuwa mai shekara 67 ba ciwo ɗaya ke nemanta ba. A cikin mutum 1,750 na kundin Zurich, kashi 15 cikin 100 an same su da cutar jijiyar zuciya a gefe guda, kuma bayan sallama an ci gaba da rasa kusan kashi 5.6 cikin 100 a kowace shekara. Wadda ta tsira daga tulu a wannan wata, jijiyoyinta suna nan suna jiran ta a shekaru masu zuwa. Hajiyar abokinmu ma, a iya abin da ya faɗa mana, ba ta taɓa yin takotsubo ba balle binciken ya shafe ta.

Abin da ya fi damuna a wannan al'amari shi ne matsayinmu a gidajenmu. A yawancin zuri'armu ɗan jami'a shi ne likita, shi ne lauya, shi ne mai fassara takardar banki, ko da kuwa tarihi yake karantawa. In ya ce "an yi bincike a Amurka", magana ta ƙare, ba mai ja. Iyayenmu sun sayar da abin da suka sayar don mu sami wannan matsayi, kuma ba ƙaramin cin amana ba ne mu mai da musu da kanun labarin da ba mu karanta cikinsa ba. Waɗanda suka riga mu kama aiki a ma'aikatun lafiya da na tsare-tsare, nauyinsu ya fi namu. Gobe za a ajiye wa ɗayansu jadawalin da ke nuna cewa asibitin ƙauye ya fi asibitin koyarwa ƙarancin mutuwa, ko cewa gundumar da ba ta da ɗakin awon jini ita ce ta fi kowace ƙarancin masu ciwon suga. In bai koyi tambayar wa ya cika takardar, da me ya sa ya rubuta abin da ya rubuta ya bar abin da ya bari ba, zai ɗauke kuɗi daga inda ake bukatarsu ya kai inda ba a bukata, da sa hannunsa da hatimin ofis.

Na koma wurin abokin namu washegari. Na ce masa in Hajiya tana kukan ciwon jiki ko kasala tun da ta fara shan ƙwayar, to wannan magana ce ta gaske, domin sitatin yakan sa wa wasu ciwon tsoka. Ya ɗauke ta da kwalin maganin su je wurin likitan da ya rubuta, a sake awo, a rage ko a canza in da hali. Shawarar tsayar da magani ta likitan ce da Hajiya, ba ta wayar salula ba.

Na kuma gaya masa abin da nake ganin ya fi cancanta ya ɗauka zuwa gida daga dukkan wannan karatu. A zaman makoki, sa'ad da dattijuwa ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ya sarƙe, abin da muka saba shi ne a ba ta ruwa, a ce Inna ki yi haƙuri, kowa ya ɗauka kuka ne ya yi mata yawa. Ta yiwu kukan ne. Ta yiwu kuma tulun nan ne, ko toshewar jijiya ta sosai, gama baƙin ciki yana jawo ita ma, kuma ko ƙwararren likita ba ya iya rarrabe su da ido sai da awon lantarki da na jini da hoton zuciya. Kwanakin farko su ne masu hatsari, lokacin da bugun zuciya kan rikice, ko ruwa ya taru a huhu, ko jini ya daskare a gindin ɗakin da ya saki. In mijinta ne ya rasu za a sami mai cewa ai ta shiga takaba, ba ta fita. Malamai sun halatta wa mai takaba fita saboda lalura, kuma ciwon ƙirji ga mace mai shekara 60 lalura ce. A nemo mota a kai ta a daren, kada a jira sai an yi sadakar uku.